Tambayoyi da amsoshi kan kai iyali kufan tsohon garin Idanre da ke kan dutse

Jama'a assalamu alaikum. Duk sanda hutun yara ya matso sai tambayoyi su yi yawa akan maganar kai iyali Idanre, wasu ta waya wasu in mun haɗu a kasuwa ko bayan sallar Juma'a, kuma kusan tambayoyin iri ɗaya ne ke ta dawowa, shi yasa na ga gara in tara su wuri guda in amsa. Yawancin masu tambayar 'yan uwanmu ne mazauna Akure da Ondo da Ore da Ibadan da Legas, sai 'yan ƙalilan da ke son tasowa takanas daga arewa.

Wai ina ne Idanren nan, kuma me ake zuwa gani?

Gari ne na Yarabawa a jihar Ondo, kudu da Akure, tsakaninsu kilomita 20 da 'yan kai, in hanya ta yi kyau minti 40 ya kai ka. Tun kafin ka shiga garin za ka fara hango duwatsu manya-manya masu sulɓi sun zagaye shi ta kowane ɓangare, ga daji kore shar a gindinsu da tsakankaninsu. Garin da mutane ke zaune yau a ƙasa yake. Amma can sama tsakanin kawunan duwatsun akwai wani fili mai faɗi, toh nan ne tsohon garin, su suna ce masa Oke Idanre, kuma a tarihin da suke bayarwa kakanninsu sun yi wajen shekara 800 a can kafin a sauko. Wurin ya kai wajen ƙafa 3,000 sama da teku. Fadar sarki tana nan, kotu tana nan, makaranta, kaburbura, hanyoyin unguwa, ba kowa ciki, daji na ta cin gefe-gefe. A 2007 Najeriya ta sa wurin a jerin wuraren da take nema wa shiga kundin kayan tarihin duniya na UNESCO.

Me ya kore su daga garin? Yaƙi ne, annoba ce, ko aljanu?

Babu ko ɗaya. Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi min, saboda mu da mun ji an ce kufai sai zuciyarmu ta tafi kan bala'i, ko an ci garin da yaƙi ko cuta ta share su ko wani abu ya hana su barci. Mutanen Idanre da ƙafarsu suka sauko da rana tsaka, kuma jikokinsu ne za su yanka maka tikiti a geti.

Tsoro ne ya zaunar da su a sama tun asali. A zamanin yaƙe-yaƙe da farautar bayi wanda ya zauna a fili ya shiga uku, shi kuwa na kan dutse mai ƙuntatacciyar hanya mutane kaɗan sun isa su tare masa runduna guda. Ƙasar Yarabawa ta sha yaƙin basasa kusan duk ƙarni na 19, babban na ƙarshe shi ne yaƙin Kiriji da aka fara a 1877 ba a rabu ba sai 1893. Da Turawa suka kafa mulki yaƙi ya lafa, sai dutsen da ke kare su ya koma musu wahala. Noman koko ya shigo, kokon da ake cakulan da shi nake nufi, gonakin a ƙasa suke, masu saye a ƙasa suke, mota ta zo ƙasar amma ba ta hawa dutse, kwanon rufi sai a ka, gishiri da kananzir sai a ka, mara lafiya sai a goye, wa zai ci gaba da wannan alhali ba wanda ke koro shi? Ba rana ɗaya aka sauko ba, rukuni-rukuni aka yi tun cikin shekarun 1920 har farkon shekarun 1930, shi yasa Idanren ƙasa ba a dunƙule take ba, akwai Alade, akwai Odode da ke gindin dutsen inda sarki yake zaune yanzu, akwai Atosin. Mu ma a arewa mun san irin wannan, mutanen Kagoro da na duwatsun Gwoza da dama haka suka sauko fili a zamanin Turawa da bayansa.

Ana cewa kowa ya bar gida gida ya bar shi, toh su waɗannan sun sauka amma ba su yarda gidan ya bar su ba. Duk shekara suna hawa yin bukukuwan gargajiyarsu, sarkinsu da ake kira Owa yana da hidimomin da sai a tsohuwar fada ake yi, kakanninsu a can suke kwance. Don haka tun a mota a faɗa wa yara cewa gidan kakannin wasu za mu shiga kuma masu gidan suna nan da ransu suna kallonmu. Duk sauran shawarwarin da ke ƙasa daga nan suka taso.

Matakala nawa ne? An ce min sai mai ƙarfi.

Sun haura 600. Adadin da aka fi faɗa 682 ne, wasu su ce 660, yara kuwa in ka sa su ƙirga kowa da lissafin da zai kawo maka, kuma ka sa su ɗin don yana ɗauke musu hankali daga gajiya. In ka ce bene ɗaya matakala 20 ne ka ga kamar ka hau gini mai hawa 30 da wani abu kenan. Na siminti ne, kuma akwai wuraren hutawa guda 5 a hanya inda za a zauna a sha ruwa. Mai lafiya da bai tsaya wasa ba rabin awa ya ishe shi, da yara da iyaye mata a ba shi awa guda ba gaggawa.

Abinda mutane ba sa sani shi ne ƙarshen matakala ba shi ne ƙarshen tafiya ba. Daga nan sai an bi 'yar hanyar ƙafa cikin ciyawa da bishiyoyi, wani wurin a kan falalen dutse, kafin a iso tsohon garin, kuma abubuwan gani a warwatse suke. Hawa da zagaye da sauka gaba ɗaya ku ware awa 3 zuwa 4.

Yarana ƙanana ne, ɗan shekara nawa zai iya?

A ganina daga shekara 6 zuwa sama yaro mai lafiya zai hau da ƙafarsa, gaskiya ma sau da yawa su ke barin iyayen a baya. 'Yan shekara 3 zuwa 5 su ne aiki, sun yi nauyin goyo kuma ba su kai juriya ba, za su fara da tsalle-tsalle a wurin hutawa na biyu su zauna su ce ba inda za su. In za ku je da irinsu maigida ya sa a ransa shi zai ɗauka a wuya, kar a bar wa uwargida.

Jariri na goye ni dai ban so a hau da shi. In dole ne toh goyon baya da zani da majanyi an ɗaure tamau, hannun uwa biyu a sake, ba a rungume a ƙirji ba, ba kuma a ba yayarsa 'yar shekara 10 ta goya ba.

Hajiya babba tana so ta bi mu, tana da hawan jini da ciwon gwiwa.

Dan Allah a rarrashe ta ta zauna a ƙasa da wani ya taya ta hira, duwatsun daga ƙasa ma abin kallo ne. Haka mai ciki, da mai ciwon zuciya, da wanda bai daɗe da tashi daga jinya ba. A sama ba mota ba asibiti, in wani abu ya faru a hannu za a sauko da mutum matakala 600. Mai asma ya riƙe inhelarsa a aljihu ba a jakar da aka bari a but ba, mai ciwon suga ya karya kumallo sosai ya riƙe dabino ko alewa.

Wane lokaci ya fi?

Rani, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Damina a can doguwa ce, tun wajen Afrilu har Oktoba, kuma falalen dutse in ya jiƙe ya yi gansakuka santsinsa ba wasa ba ne, ga tsawa a kan tudu. Daji ya fi kyau da damina wannan gaskiya ne, amma da yara ban ga dalilin kasada ba. Disamba da Janairu kuma hazon hunturu kan rufe nesa, ba za ka hango gari tar ba, shi yasa ni na fi son Nuwamba, ruwa ya ɗauke ganye bai bushe ba.

A rana kuwa ku kasance a geti da ƙarfe 8 na safe. Zafin kudu ba irin namu ba ne, akwai laima a iska, gumi ba ya bushewa, mutumin Sakkwato da ke taƙama ya saba da rana ma sai ya ji a jikinsa. Da azumi kar ma a fara.

In mun hau me za mu tarar?

Tsohuwar fadar Owa ita ce uwa. Ginin ƙasa ne mai gajeren rufi, sai ka sunkuya a wasu ƙofofin, da tsakar gida a ciki da ginshiƙan itace da aka sassaƙa da siffofin mutane. Akwai inda aka tara ƙoƙunan kan shanu, masu rakiya za su gaya maka duk shekara ana yanka saniya a ajiye kan, da haka ake sanin shekarun da sarki ya yi a kan gado. Yara suna son wannan wurin sosai, kuma dama ce ka tambaye su mu da me kakanninmu ke riƙe lissafin sarautar sarakuna kafin kalanda ta zo.

Akwai tsohuwar kotu ta zamanin Turawa, akwai wurin ƙararrawa, akwai kangon makarantar firamare da ake dangantawa da 1896, bangon ƙasa ne ya tsattsage. Ka tsaya da yaranka a nan ka ɗan daɗe. Yaron da kullum sai an yi dambe da shi kafin ya shiga motar makaranta ya ga ajin da wasu yara suka zauna a kan dutse shekara sama da 100 da suka wuce, ba sai ka yi masa dogon wa'azi ba, gani ya kori ji.

Sai kaburburan sarakuna, da wani rafi mai ruwa garai-garai da ake kira Arun, da wani da suke ce wa Omi Apaara, da wasu zane-zane can a jikin dutse da ake cewa rubutu ne da ba wanda ya iya karantawa. Sannan in ka juyo daga bakin dutse ga sabon garin nan shimfiɗe a ƙasa, rufin kwano ja-ja duwatsu sun sa shi a tsakiya, a nan kowa ke ciro waya. A nan kuma ake riƙe hannun yaro gam, don ba ko'ina ne ke da shinge ba.

An ce akwai sawun ƙafa a dutse da ke tona mayu, gaskiya ne?

Akwai wani rami mai siffar sawu a jikin dutse, suna ce masa sawun Agboogun, ɗaya daga sarakunansu na farko. Abinda ake faɗa shi ne kowace ƙafa aka sa sai ya yi mata daidai, babba ko yaro, in banda ta maye. Labarin mutanen garin ne kuma a saurare shi a matsayin labarinsu. Amma ina roƙon iyaye kar a mayar da shi gwaji a cikin iyali ko da wasa. Mun san abinda kalmar maita ke yi a gidajenmu, mun san tsofaffin mata da marayun da aka wulaƙanta aka doka akan zargin da ba shi da tushe. Yaro ya ga ƙafar 'yar riƙo ko ta kishiyar uwarsa ba ta zauna daidai ba, ya dawo gida ya faɗa a unguwa, wallahi maganar da aka yi cikin dariya a kan dutse sai ta bi yarinya har gidan miji. A kalla a wuce.

Malam, ya halatta musulmi ya je wurin da ake tsafi?

Fatawa ta malamai ce, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa kafin ya taso. Abinda zan iya faɗa shi ne yadda wurin yake. Eh akwai wuraren bautar gargajiya a sama, kuma har yau akwai masu yi, musamman lokacin bikin Orosun da ake yi wajen watan Mayu, wanda bai son cin karo da wannan sai ya kauce wa lokacin. Amma ba wanda zai tilasta maka shiga ko durƙusawa ko ba da wani abu, kai kallon gine-gine da tarihi da ikon Allah ya kawo ka. Alƙur'ani a wurare da dama ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba, kuma wannan ba garin da aka halaka da azaba ba ne irin na Samudawa, mutane ne suka canza mazauni.

Abu biyu nake jan kunne a kai. Kar a nemi tabarraki da ruwa ko dutse ko ƙasar wurin. Sannan kar a zagi abin bautar mutane ko a yi musu tsaki da tofar da yawu a gabansu, aya ta 108 a Suratul An'am ta hana, kuma kai baƙo ne a gidansu. Yaro in ya tambaya a gaya masa mu ba ma yin wannan, cikin natsuwa, ba tare da an koya masa raina mutane ba.

Uwargida na tsoron kai yara kufai saboda iska.

Tsoronta ba abin dariya ba ne, haka aka tashe mu. A yi azkar na safe, in an isa a karanta addu'ar sauka a wuri, a'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ, a tofa wa yara. Sunna ce ma in ana hawa tudu a yi kabbara in ana gangarowa a yi tasbihi, ka ga ga matakala 600 na koya wa yara wannan a aikace. A sauko tun kafin la'asar, magariba ta same ku a masauki. Kuma kar babba ya tsorata yaro da dodo a can sama don ya yi shiru, yaron da ya firgita gudu yake yi, gudu a kan dutse kuwa shi ne haɗarin da ido ke gani.

Wane irin kaya za mu sa?

Kambas mai kama ƙasa ga kowa. Banda silifas, banda takalmi mai tsini, banda sabon takalmin da ba a taɓa sawa ba. Maza a ajiye babbar riga da shadda mai sitati, a sa riga mara nauyi da hular rana. Mata ba sai an bar sutura ba, dogon wando mai faɗi a ciki, riga har gwiwa ko ƙasa kaɗan, hijabi madaidaici. Abinda ke kayar da mata a matakala shi ne hijabi ko abaya mai jan ƙasa da siket ɗin atamfa matsattse, musamman wajen saukowa da ba ka ganin inda ƙafarka ke sauka. Jakar goyo ta fi ta hannu.

Ruwa da abinci fa?

Ku hau da naku, kar ku dogara da za a samu a sama. Kowane babba aƙalla lita ɗaya da rabi, yara lita guda-guda, gora ta fi fiya wata don leda na fashewa a jaka kuma ita ce ke zama shara. Guzuri mara nauyi, dabino, ayaba, ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwai, burodi, kilishi in akwai amma yana sa ƙishi. A sa sacet ɗin ORS biyu da filasta da parasitamol. Ruwan rafin sama komai kyansa a ido kar a ba yara su sha.

A gari kuwa abincin mutanen Ondo sakwara ce kuma sun iya ta. Sai dai ka tambayi naman da ke cikin miya, don ana sa naman daji iri-iri, in ba ka natsu ba ka ce a sa maka kifi. A Akure akwai 'yan uwanmu da yawa, musamman kasuwar Shasha da ke hanyar Owo, ba za ka rasa mai shayi da mai tsire da tuwo ba.

Salla da bayan gida?

In kun hau da 8 azahar za ta same ku a ƙasa. In kun makara falalen dutse mai tsabta ya isa, a nesa da wuraren bautarsu, da ruwan alwalarku a gora. Wanda ya zo daga nesa matafiyi ne yana da sauƙin ƙasaru. A Akure babban masallaci yana tsakiyar gari kusa da kasuwar Oja Oba.

Bandaki kuwa kowa ya kewaya tun a ƙasa, a tilasta wa yara ko sun ce ba sa ji. Famfas ɗin jariri a ƙulle a leda a sauko da shi.

Dole sai da ɗan rakiya? Ba za mu iya zagawa da kanmu ba?

Ku ɗauka, kuma na wurin wanda aka haɗa ku da shi a geti. Na ɗaya hanyoyin sama suna rarrabuwa cikin daji, sabis ɗin waya kuma ba ko'ina yake kamawa ba. Na biyu shi ya san inda ba a shiga da inda ba a ɗaukar hoto, in ya ce a tsaya a tsaya ba musu. Na uku in ba shi bango kawai za ku gani ba labari.

Na huɗu kuma sai na faɗa ƙarara. Maganar daji da 'yan arewa a jihar Ondo magana ce mai zafi, tun ma kafin Janairun 2021 da gwamna na lokacin marigayi Rotimi Akeredolu ya ba makiyaya wa'adin fita daga gandun dajin gwamnati. Baƙo mai kama da mu yana yawo shi kaɗai a jeji ba wanda ya san da zuwansa, ana iya yi masa mummunar fahimta. Wanda ya shiga ta geti ya yanki tikiti yana tafe da ɗan gari da matarsa da 'ya'yansa kuwa baƙo ne kamar kowa. Ku gaisa da mutane, ẹ kaarọ da safe ba ta da wuya, Yarabawa na girmama gaisuwa ƙwarai, yaranku su rusuna wa dattawa yadda suke yi a gida. Masu rakiyar da Turanci ko Burokin suke bayani, wanda ya fi ji sai ya fassara wa sauran.

Akwai macizai ko namun daji?

Daji ne, maciji ba a rasa shi, amma hanyar da ake bi kullum ba kasafai ake gamuwa da shi ba. Doka ɗaya ce, ba sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, ba shiga ciyawa. Abinda za ku fi gani ƙadangaru ne da tsuntsaye da malam-buɗe-littafi. Akwai kuma wani ɗan kwaɗo da masana suka bayyana a 1963 wanda a duk duniya ba a san shi a ko'ina ba sai a duwatsun Idanre, a jikin dutse mai damshi yake rayuwa. Yaranmu maza kun san hannunsu da jifa, a karɓe danƙo tun a gida.

Daga arewa ta ina ake bi, kuma hanyar lafiya?

Abuja, Lokoja, Okene, Owo, Akure, sai Idanre. Daga Kano ko Kaduna da yara kar a ce sai an kai a rana ɗaya, a kwana Abuja a yi sammako. Tsakanin Lokoja da Owo an sha samun matsalar masu garkuwa, saboda haka tafiyar rana kawai, motar tasha ko taku mai lafiya, kuma a tambayi direbobin da ke bin hanyar a satin da za a tashi ba labarin bara ba. Mai hali akwai filin jirgi a Akure. Daga Legas ko Ibadan ta Ife da Ilesha ake shigowa.

Kowane babba ya riƙe katin shaida, na NIN ko na zaɓe. Za ku haɗu da shingayen 'yan sanda da na Amotekun, rundunar tsaron jihohin Yarabawa da aka kafa a 2020, a amsa tambaya a natse a faɗi inda za a. Kar a sa wuƙa ko adda a mota da sunan za a shiga daji, ba abinda za ku sara.

A ina za mu kwana?

Akure, otal sun fi yawa a can kowane aljihu da nasa, da safe ku shiga Idanre ku dawo. Kwana a kan dutse da iyali babu shi a lissafi.

Nawa za mu tanada?

Akwai kuɗin shiga a geti, akwai na ɗan rakiya, farashi kuma na canzawa shi yasa ban rubuta lamba ba. Ku riƙe tsabar kuɗi ƙanana don tiransifa na iya ƙin tafiya. Ku daidaita da ɗan rakiya tun a ƙasa, in ya kyautata muku ya yi haƙuri da yaranku a ƙara masa, mutumin nan matakalan da kuka hau sau ɗaya kuna haki shi sana'arsa kenan.

Yaro zai iya ɗauko ɗan dutse ko ɓallin tukunya na tunawa?

A'a. Ba ɗauka, ba rubuta suna a bango da gawayi ko makulli, ba hawa kan kabari don hoto, ba jingina da ginshiƙan fada. Bangon ƙasa ne da ya shekara ɗaruruwa ruwan kudu na dukansa, da ƙyar yake tsaye. Sharar ku ma ku sauko da ita har ledar biskit.

Mu da muke da Surame da Alƙalawa me zai kai mu ƙasar Yarabawa kallon kufai?

Wannan tambayar tana min ciwo don mai yin ta yana da gaskiya. Surame na nan a jihar Sakkwato wajen Binji, birnin da Muhammadu Kanta ya gina a ƙarni na 16, ganuwarsa ta dutse har yau ana ganinta cikin daji, an bar shi ne da sarautar Kabi ta koma Birnin Kebbi, kuma a 2007 ɗin nan aka sa shi a jeri ɗaya da Idanre. Alƙalawa babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808 tana yankin Sabon Birni. Zungeru inda Gwamna Lugga ya zauna tun 1902 kafin a mayar da hedikwata Kaduna tana jihar Neja da kangayenta. Yaranmu sun fi cancantar su fara ganin waɗannan, tarihinsu ne na jini. Amma yau wa zai ce wa mutum ya ɗauki mata da yara ya shiga dajin Binji ko Sabon Birni? Ni ba zan faɗa ba. Mutanen yankunan ma da gonakinsu ke can suna fama. Allah ya kawo mana zaman lafiya mu kai su, kafin nan wanda Allah ya ajiye a kudu ko ya samu hali kar ya hana yaransa wanda ake iya zuwa.

Saukowa ta fi sauƙi ko?

Numfashi ya fi sauƙi, gwiwa ta fi shan wuya, kuma yawancin faɗuwa a nan ake yi don kowa ya gaji ya saki jiki yara kuma na son tsere. Babba ɗaya a gaba babba ɗaya a baya, yara a tsakiya, ba mai wuce na gaba. Waya a aljihu. Washegari cinya da sha-raɓa za su yi tsami, kar a sa dogon tuƙi a ranar in da hali.

Akwai abin tsaraba?

Idanre ƙasar koko ce, tana cikin manyan wuraren nomansa a jihar da ta fi kowace noman koko a Najeriya. In kun je tsakanin Nuwamba da Janairu za ku ga an shanya 'ya'yansa a bakin hanya da ƙofar gidaje, ku nemi izinin mai gona ya fasa wa yara kwanso ɗaya su tsotsi farin da ke jikin 'ya'yan, da yawansu ba su san daga bishiya cakulan ke fitowa ba. Ku ce a nuna musu bishiyar goro ma, yaro ya tashi yana ganin goro a faranti ranar suna da ɗaurin aure bai taɓa ganin uwarsa ba. Na kaiwa gida kuwa agada da doya da manja, sun fi araha a kasuwannin ƙauye da ke hanya akan cikin Akure. Manjan a sa leda a bakin jarkar kafin a murɗa murfin, a tsayar da ita a but nesa da jakar kaya.